Faɗuwar Gaban Mai Bishara a Baƙuwar Ƙasa

A shekarar 1900 wata tawagar 'yan mishan ta CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta isa Kano bayan doguwar tafiya daga Legas. Babu wanda ya gayyace su, Sarki Aliyu Babba kuwa ya ce su bar masa gari cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu ya rasu. Cikin waɗanda suka saura akwai matashin likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya daga 1905, ya kuma zama jigo a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932.

Yanzu tafiyar ta juya. Turawa sun ragu, 'yan ƙasa ne ke ɗaukar jaka su ƙetare iyaka. Ƙungiyar EMS, wadda ta faro a 1948 ta kuma zama hannun bishara na ikilisiyar ECWA, tana tura masu bishara zuwa Nijar da Chadi da Benin da wasu ƙasashe. Jihar Katsina ma tana da nata Kiristoci Hausawa, galibinsu 'ya'ya da jikokin Maguzawa, musamman a Malumfashi da Kafur da Matazu. A 2023 aka naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop na farko na sabuwar diyosis ɗin Katolika ta Katsina.

To, saurayin da ya tashi a ƙauyukan Kankiya da Kusada, irin su Bauranya, inda Musulmi ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, ya tashi da tarbiyyar kunya da kawaici. An koya masa kada ya ɗaga murya gaban manya, kada ya haɗa ido da dattijo, kada ya tsoma baki a zancen da ba a sa shi ba. Idan Kirista ne, ya kuma saba da taka-tsantsan a maganar addini domin zaman lafiya da maƙwabta. Sai ga shi an tura shi wata ƙasa, an ce ya miƙe gaban baƙin fuskoki ya ba da shaida. Nan take yawu ya ƙafe, gwiwa ta yi sanyi, murya ta kama rawa.

Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin raunin bangaskiya, alhali aikin jiki ne. Idan ƙwaƙwalwa ta hango abin tsoro, sai jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, gumi ya keto. Ɗalibi a zauren jarrabawa da ango a ranar ɗaurin aure duk suna jin haka. Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye wannan ba. Musa ya kawo uzurin nauyin baki har aka haɗa shi da Haruna, Irmiya ya ce shi yaro ne bai iya magana ba, Bulus kuma ya shaida wa mutanen Korinti cewa da tsoro da rawar jiki ya zo musu.

Tarihin aikin bishara a ƙasar Hausa ya nuna cewa maganin farko shi ne harshe. Miller sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawan da ke can kafin ya doshi Kano. Dokta Andrew Stirrett na mishan ɗin SIM, mai harhaɗa magunguna daga Kanada da ya zo a 1902, ya shahara da wa'azi a kasuwa kusan kullum har zuwa rasuwarsa a 1948, kuma da Hausa yake yi, ba da tafinta ba. Rabin fargabar baƙo tsoron kwaɓa magana ne a yi masa dariya. Wanda ya iya gaisuwar mutane, ya san yadda suke tambayar gida da gajiya, ya riga ya sauke rabin kayan. Bahaushen da aka tura Maraɗi ko Damagaram ya ci ribar wannan, amma wanda aka kai ƙasar Zabarmawa ko kudancin Chadi dole ya koma ɗalibi.

Na biyu shi ne abokin tafiya. Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu, kuma a kan wannan tsari aka gina shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa, wanda ya soma a Arewa a farkon shekarun 1960. Manoma da 'yan kasuwa da matan aure, waɗanda ba su taɓa hawa mumbari ba, sukan fara da ƙaramin taron addu'a, su koyi 'yan darussa, sannan su fita ƙungiya-ƙungiya. Sabon shiga ba a ba shi wa'azi ranar farko. Yau ya yi waƙa, gobe ya karanta aya, jibi ya faɗi labarin rayuwarsa a taƙaice. Da haka baki ke sabawa.

Na uku, aikin hannu kan buɗe wa baki hanya. A zamanin Turawa an takura wa 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, sai ta hanyar jinya suka samu wurin zama: asibitin kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1930, asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi a Nijar a 1950. Wanda ya wanke wa mutum gyambo ba ya jin nauyin amsa tambayarsa kan dalilin zuwansa.

Sai dai ba kowace faɗuwar gaba ce ake so a kawar ba, wata hankali ne ke gargaɗi. Matasan da suka kafa ƙungiyar CAPRO a Zariya a 1975 sun fara da wa'azin fili cikin zafin ƙuruciya, suka gamu da turjiya. Daga baya suka gane sai an koyi harshe da al'ada tukuna, suka buɗe makarantar horar da masu bishara a Gana Ropp ta jihar Filato. Doka ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin yaɗa addininsa, amma Aljeriya ta yi doka a 2006 da ke hukunta mai neman sauya wa Musulmi addini. Wanda bai bincika ba kafin ya tashi zai jefa kansa da masu masaukinsa cikin wahala.

Don haka ikilisiyar da za ta aiki ɗanta waje, ta ba shi lokacin koyon harshe, ta haɗa shi da wanda ya riga shi sanin wurin, ta sanar da shi dokar ƙasar. Shi kuma idan ya sauka, ya fara da gaida mai gari da malaman unguwa, ya nemi izini kafin ya tara jama'a, ya faɗi abin da ya gaskata ba tare da aibata addinin kowa ba, wanda ya ce ba ya so kuma ya ƙyale shi.