Lafiyar Haihuwar Ɗa Namiji: Daga Goyo Ake Fara Kiyaye Ta

A garuruwanmu, idan aure ya shekara biyu ko uku babu ciki, mace ake kallo, wani lokaci har a yi mata kishiya ko a sake ta. Binciken likitoci bai goyi bayan wannan ba. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, kusan mutum 1 cikin 6 na manya yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai matsala ta ɓangaren miji. Wasu daga cikin matsalolin tun yarinta suke somawa, lokacin da yaro yake hannunku.

Da farko, jariri. Idan Allah ya sauke ki lafiya kika sami namiji, ki tabbata ungozoma ta duba 'ya'yan marainansa, duka biyun sun sauko cikin jakarsu. Maraina ba sa son zafin cikin jiki, shi ya sa suke waje. Wanda ya maƙale a ciki yakan sauko da kansa a watannin farko. Idan yaro ya kai wata 6 bai sauko ba, a kai shi wurin likitan fiɗa, domin an fi son a yi aikin kafin ya wuce wata 18. Jinkiri yana lalata ƙwayoyin da za su yi maniyyi idan ya girma. Haka kuma idan ƙofar fitsarinsa tana ƙasan gaba, ba a kan tsini ba, kada a yi masa kaciya sai likita ya gani, saboda da wannan fatar ake gyara.

Na biyu, tsargiya. Yaran Badariya da ke zuwa wanka a fadama, da na Argungu masu su da noman shinkafa a bakin gulbin Rima, duk suna cikin haɗarinta. Wata tsutsa ce ke kawo ta, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Tana girma a cikin ƙananan katantanwar ruwa, sannan ta huda fatar mai shiga ruwan. Ƙwanta ne ke yi wa mafitsara rauni, sai yaro ya riƙa ganin jini a ƙarshen fitsari. Wasu na ɗaukar wannan alamar balaga ce. Ciwo ne. Binciken da aka yi a Madagaska, aka wallafa a 2000, ya gano ƙwan tsutsar a cikin maniyyin maza masu yawa da aka gwada, wato ba a mafitsara kaɗai take tsayawa ba. Idan ta daɗe tana iya taɓa ƙoda, ko ta jawo ciwon daji na mafitsara. Maganinta Praziquantel, ana ba da shi gwargwadon nauyi ko tsawon yaro. Idan an zo rabawa a makaranta, ku bar ɗanku ya sha bayan ya ci abinci.

Na uku, maigida. Ƙarfin saduwa daban, ƙarfin haihuwa daban. Ciwon sanyi da ba a yi masa magani da kyau ba yana toshe hanyar maniyyi. Hangum bayan balaga, kumburin jijiyoyin maraina da shan taba su ma suna rage shi. Idan an shekara guda ana tare babu ciki, ku zo ku biyu. Gwajin maniyyi ba allura, ba yanka. Ana buƙatar ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin a ɗauka. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana son a sami aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, akan maimaita, domin sabon maniyyi yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya nuna.

Abu ɗaya na gaggawa: idan yaro ko saurayi ya kama ciwo mai tsanani a maraina farat ɗaya, ku kawo shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Idan murɗewa suka yi, bayan kamar awa 6 ana iya rasa su.

Duk mai tambaya ya same mu a ɗakin awo. Sirrinku amana ce a wurinmu. Allah ya sauke ku lafiya, ya raya mana zuri'a.