Kaskar Kare da Ƙwayar Cuta Mai Sauya Riga

Da damina ta kankama a Sabon Garin Gusau, duk mai karen gadi ya san aikin da ke gabansa: ya ɗaga kunnen kare ya tarar kaska ta yi dafifi, wata ta ƙoshi da jini har ta kai girman wake. Haka abin yake ga mafarautan Tsafe da Bungudu, waɗanda karnukansu ke kutsawa cikin ciyawa kullum.

Ba shan jini kaɗai kaska ke yi ba. A cikin yawunta akan sami wata ƙwayar cuta mai suna Babesia, wadda masanin ƙasar Romaniya, Victor Babes, ya fara ganowa a jinin shanu a 1888. Idan ta shiga jikin kare sai ta faɗa cikin jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa har su fashe. Daga nan kare ya ɗau zazzaɓi, ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya koma ja kamar zoɓo.

Daga cikin nau'o'in da aka gano a karnukan Najeriya akwai Babesia vogeli, mai ɗan sauƙi, da Babesia rossi, wadda ta fi kisa. Garkuwar jiki tana gane maƙiyi ne da rigar da ya sa, wato sinadaran da ke lulluɓe da shi. To ƙwayoyin gadon da ke ɗinka wannan riga ba iri ɗaya ba ne. Wani bincike a Afirka ta Kudu a 2009 ya nuna ita rossi kanta tana da samfura daban-daban, wasu sun fi wasu tsanani. Shi ya sa allurar rigakafin da aka haɗa don karnukan Turai ba lallai ta yi wa namu aiki ba. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Muna buƙatar masananmu na Vom da Zariya da Sakkwato su san irin rigar da tamu ƙwayar ke sawa.

Kafin nan, nauyin yana wuyanmu. A riƙa cire kaska, a feshe makwancin kare. Kada a yi masa allurar Berenil da awon shanu, domin ƙari kaɗan yana taɓa masa ƙwaƙwalwa. A kai shi wurin likitan dabbobi a duba jininsa. Karen da ya kwana yana haushi don mu yi barci ya cancanci wannan ɗawainiya.