TSARA KUƊIN GIDA A LOKACIN DA AKE BIYAN BASHI

Gabatarwa

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A gidan manomi wannan magana ta fi tabbata, domin kuɗinsa na shigowa ne sau ɗaya ko sau biyu a shekara, wato da kaka da kuma bayan girbin noman rani ga mai fadama, alhali bukatun gida ba sa tsayawa ko na yini ɗaya. Ma'aikaci yana iya tsara kuɗinsa wata-wata. Manomi kuwa dole ne tsarinsa ya kama daga wannan kaka zuwa mai zuwa.

Manufar wannan bayani ita ce nuna yadda magidanci zai raba amfanin gonarsa tun kafin ya kai ko buhu ɗaya kasuwa, ta yadda zai biya bashin da ke kansa ba tare da ya sake cin wani ba idan damina ta yi tsakiya.

Yadda bashi ke komawa kan manomi

Yawancin basussukan noma wa'adinsu yana cika ne da kaka, lokacin da hatsi ya cika kasuwa kuma farashi yake ƙasa. Manomin da masu bin bashi suka matsa wa yakan sayar da hatsi mai yawa da araha, har ya taɓa na abinci. Idan watan Yuli da Agusta suka zo, rumbu ya zama wayam, ga aikin noma na biyu da zuba taki, sai ya sayi hatsi da tsada ko ya ci bashi. A nan ne wasu ke karɓar buhu ɗaya da sharaɗin mayar da biyu da kaka, ko su karɓi kuɗi a kan amfanin da bai nuna ba, wanda a wasu wurare ake kira falle. Da haka bashin bara ke haifar da na bana.

Tun daga watan Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin sufuri da na ban ruwa da injin ya ƙaru ƙwarai. A shekarar 2025 kuma farashin masara da shinkafa ya faɗi, amma na takin zamani bai sauka ba. Wannan ya sa lissafi ya zama wajibi ga kowane manomi, babba da ƙarami.

Mataki na ɗaya: rubuta dukkan bashi

A sami littafi guda a keɓe shi don wannan aiki. Wanda bai iya rubutun boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta. A kan kowane bashi a rubuta abubuwa biyar:

1. Sunan mai bashi: banki, ƙungiyar gama kai, dillalin taki, mai kanti ko ɗan'uwa.
2. Uwar kuɗin da aka karɓa.
3. Jimillar abin da za a mayar.
4. Ranar cikar wa'adi.
5. Abin da aka ba da jingina, idan akwai.

Abu na uku ne aka fi yin sake da shi. Alal misali, wanda ya karɓi naira 200,000 a kan ƙarin kashi 5 cikin 100 kowane wata, bayan wata shida zai mayar da naira 260,000. Mutane da yawa sukan ji “kashi 5” su ɗauka na shekara ne. Kafin a sa hannu a tambaya: nawa ne jimillar abin da zan biya, kuma a wace rana? Kada a manta da ƙananan basussuka na mai kanti, mai magani da mai niƙa, domin idan aka haɗa su sukan kai kuɗin buhu ɗaya ko biyu.

Mataki na biyu: raba amfanin gona da buhu

Farashi yana hawa yana sauka, amma abin da iyali ke ci a rana ba ya canjawa sosai. Saboda haka ya fi dacewa a fara lissafi da buhu da tiya kafin a koma ga naira. Buhun masara mai kilo 100 yana ɗaukar kimanin tiya 40.

A ɗauki misalin gida mai mutum goma da ke cin tiya 2 a rana. A wata suna bukatar tiya 60, wato buhu ɗaya da rabi. A shekara buhu 18 ke nan. Idan maigidan ya sami buhu 40 na hatsi, rabon zai iya kasancewa kamar haka:

Zakka, ga Musulmin da amfaninsa ya kai nisabi: buhu 4, wato kashi ɗaya cikin goma na noman damina.
Abincin gida na wata 12: buhu 18.
Iri da kuɗin fara aikin damina: buhu 5.
Biyan bashi: buhu 10.
Ajiyar ko-ta-kwana: buhu 3.

Kowane gida zai sa nasa adadin, amma a kiyaye jerin. Abinci da iri suna gaba da biyan bashi, domin wanda ya sayar da abincinsa ya biya bashi da kaka, shi ne zai koma wurin mai bashin da damina, kuma a kan sharaɗi mafi tsanani. Idan kason bashi bai isa ya biya duka ba, a cike giɓin da kuɗin amfanin sayarwa kamar waken soya, riɗi, gyaɗa ko barkono, ko da sana'ar rani. A ajiye kowane kaso daban, kuma uwargida ta san wanne ne na ci, wanne ne ba a taɓawa.

Mataki na uku: kuɗin yau da kullum

Bayan hatsi akwai cefane, niƙa, itace, sabulu, magani, katin waya da kuɗin mota. A rubuta duk abin da aka kashe har tsawon mako huɗu. Daga nan za a ga ainihin abin da gidan ke ci a mako, a tsayar da adadi, a riƙa bayarwa ranar kasuwa maimakon kullum. Sayen manja, gishiri da sabulu a dunƙule ya fi araha a kan sayen ƙulli-ƙulli.

Akwai kuma manyan hidimomi da aka san lokacinsu. Sabuwar shekarar karatu tana farawa ne a watan Satumba, kafin yawancin amfani ya iso gida, don haka a tanadi kuɗin makaranta tun da rani. Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka a duba a wane wata za ta faɗo. Haka ma Kirsimeti, da suna da aure da ake sa rai.

A shekarar biyan bashi a kasa bukatu gida uku: na dole, kamar abinci, magani da makaranta, waɗanda za a iya ragewa, kamar ɗinki da gudummawar biki, da waɗanda za a iya ɗagawa, kamar sayen babur ko ƙarin ɗaki. Rage hidimar biki na shekara ɗaya ya fi sauƙi a kan jinginar da gona.

Kuɗin gona da kuɗin gida kada su haɗu a aljihu ɗaya. Rancen da aka karɓa don taki, idan aka yi cefane da rabinsa, gonar za ta sami rabin takin da take bukata, amfani ya ragu, bashin kuma yana nan yadda yake.

Mataki na huɗu: wane bashi za a fara biya

1. Wanda aka jinginar da gona ko shanun huɗa a kansa, domin rasa su rasa hanyar biyan sauran ne.
2. Wanda ƙarinsa ya fi yawa, musamman mai hauhawa kowane wata. Rancen da ake karɓa ta manhajar waya yakan shiga wannan rukuni.
3. Rancen ƙungiya, inda mambobi suka tsaya wa juna. Rashin biyan mutum ɗaya yana iya hana kowa samun rance a gaba.
4. Bashin 'yan'uwa da abokan arziki marar ƙari. Ko da kaɗan-kaɗan ne a riƙa ragewa, a kuma faɗi ranar da za a gama, don kiyaye zumunci.

Manomin da ya ga ba zai iya cika alkawari ba ya je wurin mai bashi kafin ranar, ya nemi a raba masa biyan kashi biyu ko uku. Duk abin da aka amince a rubuta shi gaban shaidu, kuma a karɓi rasit a kan kowane biya. Haka nan a sani cewa rancen Bankin Manoma, ko wanda aka karɓa a ƙarƙashin shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a 2015, bashi ne ba kyauta ba. Tsarin lamunin rancen noma da gwamnatin tarayya ta kafa a 1977 yana kare banki ne daga wani ɓangare na asara, bai sauke nauyin biya daga kan manomi ba. Wanda rancensa ke haɗe da inshorar hukumar NAIC, idan ambaliya ko fari ya same shi, ya sanar da banki da hukumar nan da nan, tun shaidar ɓarnar tana gona.

Ajiya da ƙarin hanyar samu

A mafi yawan shekaru farashin hatsi yakan tashi daga kaka zuwa damina, amma abin da ya faru a 2025 ya nuna ba kullum ba ne. Saboda haka kada a jinkirta biyan bashi mai hauhawa don jiran farashi. Abin da ya kamata a adana shi ne abinci, iri da ajiyar ko-ta-kwana. A busar da hatsi sosai, a zuba a buhun PICS mai riɓi uku ko a durom mai murfi da iska ba ta shiga, a ɗora a kan katako nesa da bango. Buhun da ƙwari suka ci daidai yake da buhun da aka sake ciyo bashi.

Kuɗin da mata ke samu daga awara, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa da kiwon awaki da kaji yana riƙe gidaje da yawa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wannan jari nasu ne, kuma cinye shi don biyan bashin gona yana toshe hanyar samun da ta fi dawwama a gidan. Idan ana zubin adashi, a nemi kwasar ta faɗo a watan da aka fi matsuwa.

Kira ga malaman gona

Bashi abu ne da magidanci ba ya son a ji. A taron ƙungiya a koyar da wannan lissafi da misalin gidan da ba na kowa ba, sannan a taimaka wa mai bukata shi kaɗai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Satumba zuwa farkon Oktoba, kafin a fara sayar da sabon amfani. Malamai mata su kai bayanin ga matan gida, domin su ne ke auna tiya kowace rana. Kafin a taimaka wa manomi cike takardar neman sabon rance, a fara duba littafinsa tare da shi.

Kammalawa

Ba kowane bashi ake iya gamawa a kaka ɗaya ba. Alamar cewa tsari ya yi aiki ita ce iyali su wuce watan Agusta suna ci daga rumbunsu, kuma jimillar bashin da ke cikin littafi ta ragu a kan ta bara. Manomin da ke bukatar taimako wajen wannan lissafi ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa kafin girbi.