KIWON KWAƊO: MOTSINSA DA ABOKAN ZAMANSA

A ƙasashen Turai da Amurka mutane da yawa su kan ajiye kwaɗi a gida cikin akwatin gilashi, kamar yadda a ke kiwon tantabaru a nan. Waɗansu makarantu kuma su kan ajiye su domin koya wa yara halayen dabbobi. An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da malamansu su sami abin gaya wa wanda ya nemi shawara, gama sau da yawa kwaɗo ya kan hallaka a hannun mai shi don an ɗauke shi kamar kyanwa ko kare.

1. Motsi

Jikin kwaɗo ba ya yin ɗumi da kansa, sai abin da ya samu daga wurin da ya ke zaune. Saboda haka abinci kaɗan ya ishe shi, ba ya kuwa bukatar yawo. Yawancinsu su kan wuni a ɓoye, sai dare ya yi su fito neman ƙwari. Wanda ya ga kwaɗonsa ya wuni wuri guda kada ya tsokane shi. Alamun ciwo su ne ƙin abinci, da rama, da jan ciki ko cinyoyi.

2. Masu zaman kaɗaici

Kukan da a ke ji a kududdufi da damina kiran maza ne ga mata, ba hirar zumunci ba. Akwai irin da tilas a ware shi. Kwaɗo mai ƙaho na Ajantina ya kan nutsa cikin danshin ƙasa kwana da kwanaki, ya na jiran abin da zai gifta. Haka babban kwaɗon Afirka, wanda namijinsa ya kan haura kilo 1, ya kuma binne kansa duk rani. Waɗannan biyu su kan haɗiye har 'yan'uwansu.

3. Masu zaman tare

Ɗan ƙaramin kwaɗon ruwa na kurmin Kamaru da Kwango, wanda bai cika wuce inci 1½ ba, ya fi su kazar-kazar. Cikin ruwa ya ke rayuwa, ya kan taso sama ya shaƙi iska. A kan ajiye 2 ko 3 wuri ɗaya lafiya lau, muddin akwatin na da faɗi da wurin ɓuya.

4. Gargaɗi

Kada a haɗa iri biyu, ko babba da ƙarami, domin abin da ya shiga bakin kwaɗo abinci ne. Kada kuma a riƙa ɗaukarsa da hannu, gama ta fata ya ke shan ruwa, sabulu da mai da gishirin zufa su na cutarsa. A wanke hannu bayan an taɓa ruwansa. Wanda ya gaji da kwaɗon wata ƙasa kada ya sake shi a tafki, don kada ya kai wa na gida cuta.