Kwana Biyu A Bakin Kogin Kano

Jama'a, akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka a wannan zamani, wato mutum ya bar gidansa na birni ranar Asabar, ya biya kuɗi masu yawa don ya kwana a wata 'yar bukka ta katako a bakin kogi, inda ba hayaƙin mota, ba ƙarar inji, sai wutar hasken rana da ruwan da aka ɗebo da guga. Suna cewa hutu ne wanda ba ya cutar da ƙasa. Abin da suke saye da tsada kuwa, shi ne zaman da mutanen ƙauyukanmu na kudancin Kano suka gada tun kaka da kakanni. Saboda haka ya kamata mutumin birni ya san abin da ke bayan gidansa, ya kuma san haƙƙin da ke kansa in ya je.

Kogin Kano yana gangarowa ne daga duwatsun kudu, ya ratsa dajin Falgore a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, sa'an nan ya zuba cikin madatsar Tiga ta wajen Bebeji. An gina madatsar nan tsakanin shekarar 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙi Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Faɗin ruwanta ya kai murabba'in kilomita 178. Tun a lokacin an yi tunanin masu neman hutu, domin an gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan Tiga, an kuma gina wani a bakin tafkin Bagauda, wanda daga baya ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Shi kuwa dajin Falgore, an keɓe shi tun zamanin En'e, aka mai da shi gandun namun daji a 1969.

Wanda ya sauka a ɗakin ƙasa a wannan yanki zai ga hikimar magina na da. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi, don haka ɗakin yakan yi sanyi da tsakar rana, ya yi ɗumi da asuba lokacin hunturu. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi. Jinkar ciyawa ba ta gasa mutum kamar kwano. Randa a lungu tana sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba. In kuwa ɗakin ya tsufa ya faɗi, ƙasa ce ta koma ƙasa, manomi ya kwashe ta ya kai gona.

Da sassafe baƙo zai tarar masunta sun tura kwale-kwale, suna komowa da karfasa da tarwaɗa. Zai ga belbela tana bin shanun Fulani a bakin mashaya, zalɓe kuwa yana tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya. Mafi daɗin lokaci shi ne bayan kaka zuwa tsakiyar ɗari, sa'ad da hanyoyi suka bushe, sauro kuma ya ragu. Duk da haka kada a bar gidan sauro a gida, kada kuma a bar yara su yi wanka a ruwan da ya kwanta, domin nan ne katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya take zaune. Haka nan wanda ya yi nufin shiga wajen Falgore, lalle ya fara sanar da dagaci ko mai unguwa, ya tambayi halin hanya. Ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane sun taɓa mai da dajin maɓoya, har sojoji suka kafa filin horo a cikinsa a 2017.

To, amma babban zance shi ne amanar ruwan. Ruwan da baƙo yake kallo yana shan iska, shi ne yake bin magudana ya shayar da gonakin shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ragowarsa ya haɗu da kogin Challawa, ya zama kogin Haɗejiya, ya nufi fadamun Haɗejiya da Nguru. Mutanen can sun ɗanɗani abin da aka yi a nan. Bayan an tare ruwa a Tiga, aka kuma ƙara madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da take cika fadamunsu kowace damina ta ragu, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, masunta da manoma da makiyaya suka shiga wahala. Ashe ke nan ledar da aka jefa, da man mota da aka wanke a bakin ruwa, da sabulun da aka zuba, ba sa tsayawa inda aka bar su.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da karantar da cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya saboda ƙazanta, ba a alwala da shi. An hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, an hana bayan gida a mashaya da inuwar da mutane suke hutawa, an kuma hana ɓarnar ruwa ko da mutum yana alwala a bakin kogi ne. Keɓe daji ma ba baƙon abu ba ne, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe ta Rabaza.

Saboda haka mai zuwa hutu ya dubi buhun gawayin da ake tallar masa a bakin hanyar Jos kafin ya saya. Sau da yawa kirya ce ko kaɗanya da ta shekara hamsin tana tsaye. In itatuwan bakin kogi suka ƙare, ruwan sama zai kwashe ƙasa ya zuba cikin madatsa, ta riƙa cikewa da laka shekara bayan shekara. Gara ya sayi kifi da zuma da nono a hannun mutanen wurin, ya biya mai ɗaki haƙƙinsa, ya tattara shararsa ya koma da ita birni. Ya gai da dattawa, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton kowa, kada kuma ya cika wa mutane kunne da kiɗa cikin dare.

Hukuma ma tana da nata nauyi, na tsare hanya da raya wuraren saukar baƙi, ta yadda samarin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa za su sami abinci daga dajin yana tsaye, maimakon daga gatari. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.