Iskar da ke kwarara kamar ruwa: darasin tafkin Nyos

A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos da ke yankin Arewa maso Yamma a Kamaru ya amayar da iskar kabon dayoksaid wadda ta daɗe a danne cikin ruwan ƙasansa. Kafin gari ya waye, mutane fiye da 1,700 da dabbobi kusan 3,500 sun mutu a ƙauyukan Nyos, Cha da Subum, da yawansu suna cikin barci.

Abin da nake so mu lura da shi, jama'a, shi ne yadda iskar ta yi tafiya. Nauyinta ya kai ɗaya da rabi na iskar da muke shaƙa, don haka bayan ta yi tsiri sama sai ta faɗo, ta bi gangare kamar ambaliya, ta cika kwaruruka, ta ture iskar numfashi. Ta yi kisa har a nisan kilomita kusan 25.

To me ya hana ta watsewa? Iska mai nauyi kwanciya take yi, kamar gasara a gindin ƙwarya, sai an dama. Masu damawar su ne kaɗawar iska da zafin rana, waɗanda ke cin ta daga sama da gefe har ta salance. Da dare kuwa ƙasa ta huce, iska ta lafa, babu mai motsa ta.

Ni a ganina wannan darasi har kicin ɗinmu ya shigo. Gas ɗin girki ya fi ma nauyi, kusan ninki biyu na iska. In tukunya ta yi yoyo, ƙasa yake bi, ya taru a lungu da ƙarƙashin gado, daidai inda yara ke kwana a tabarma. Buɗe taga kaɗai ba ya isa. A rufe tukunyar, a wangale ƙofa, kar a taɓa makunnin lantarki, balle ashana.

Haka ma rijiya. Tsofaffin maginanta kan zura fitila kafin su sauka. In ta mutu, ba mai shiga. Wanda kuma ya faɗa ramin don ceto ba tare da shiri ba, gawa biyu ake fitarwa.

Tun 2001 aka kafa bututu a Nyos yana fitar da iskar a hankali, aka ƙara wasu a 2011. Amma ga mazauna kwari ƙa'idar ɗaya ce: in ka ga dabbobi na faɗuwa babu dalili, nufi tudu, kar ka bi gangare. Allah ya tsare mu.