Adamu Aliero: sanatan Gwandu da Kalgo da ya haura shekara 25 a fagen siyasa

Yawancin ɗaliban da ke sakandare a Gwandu da Kalgo a yau ba a haife su ba lokacin da Muhammad Adamu Aliero ya sauka daga kujerar gwamnan Jihar Kebbi a 2007. Amma har yanzu shi ne sanatan da ke wakiltar iyayensu a Abuja, domin ƙananan hukumomin biyu suna cikin mazaɓar Kebbi ta Tsakiya, tare da Birnin Kebbi, Jega, Aliero, Bunza, Maiyama da Koko/Besse. Yaya mutum ɗaya yake daɗewa haka a siyasa, kuma da wane ma'auni ya kamata a auna shi?

Daga Aliero zuwa gidan gwamnati

An haife shi a 1957 a garin Aliero, garin da ya yi suna wajen noman albasa. Ya karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sannan ya yi shekaru yana aikin gwamnati, har da hukumar kwastam, kafin ya ajiye aiki ya shiga siyasa.

Da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula a 1999, Jihar Kebbi ba ta cika shekara takwas ba, don a watan Agustan 1991 aka cire ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Aliero ya tsaya takarar gwamna a jam'iyyar APP, wadda daga baya ta koma ANPP, ya ci zaɓe, aka kuma sake zaɓensa a 2003. A zamaninsa ne aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a garin Aliero, a 2006.

A zamaninsa ne kuma aka yi abin da mutanen masarautar Gwandu ba su manta ba. A 2005 gwamnatinsa ta sauke Sarkin Gwandu Almustapha Haruna Jokolo, aka naɗa Muhammad Iliyasu Bashar. Maganar ta je kotu, aka yi ta shari'a kusan shekara 20, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya bar Sarki Bashar a kan karaga. Shawarar da mai mulki ya yanke rana ɗaya takan daɗe fiye da wa'adinsa.

Hawa, faɗuwa, da sake tashi

Tsarin mulkin Najeriya bai yarda gwamna ya wuce wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu ba, amma bai sa wa sanata iyaka ba. Don haka a 2007 Aliero ya koma PDP, ya ci kujerar sanata. A ƙarshen 2008 Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya naɗa shi ministan Babban Birnin Tarayya, Abuja. Abubakar Atiku Bagudu ne ya gaje shi a Majalisar Dattawa.

Hausawa sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau. A watan Maris na 2010 Goodluck Jonathan, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya rushe majalisar ministoci, Aliero ya rasa muƙaminsa. A 2011 ya nemi komawa majalisa a jam'iyyar CPC, Bagudu ya kayar da shi. Sai a 2015 ya dawo a APC, shekarar da Bagudu ya zama gwamna a jam'iyyar guda. An sake zaɓensa a 2019. A 2022 ya koma PDP, sannan a 2023 ya sake karawa da Bagudu, wanda ke kan kujerar gwamna a lokacin, kuma a wannan karon Aliero ne ya yi nasara. A watan Mayun 2025 ya sake komawa APC.

Jam'iyya ko mutum?

Ku ƙirga da kanku: APP da ANPP, PDP, CPC, APC, PDP, sai APC kuma. Sauya sheƙa ba baƙon abu ba ne a siyasar Najeriya, amma ba ko'ina ake yin haka ba. A ƙasar Ireland, wani malamin firamare mai suna Enda Kenny ya shiga majalisar dokoki a 1975 yana ɗan shekara 24, ya wakilci yankin Mayo har 2020, ya kuma riƙe shugabancin gwamnati daga 2011 zuwa 2017. Duk tsawon wannan lokaci bai bar jam'iyyarsa ta Fine Gael ba.

Masu kare sauya sheƙa sukan ce jama'a mutum suke zaɓa, kuma wakilin da ke tare da gwamnati mai ci ya fi samun damar kawo aiki gida. Masu suka kuma sukan ce wanda ya zaɓi tutar wata jam'iyya an ci amanarsa idan aka kai ƙuri'arsa wata. Haka ma daɗewa a kujera: wasu na ganin gogewa ce da sanin hanyoyin majalisa, wasu na ganin tana toshe wa matasa ƙofa.

Abin da ya shafe ku

Da yawanku za ku cika shekara 18 nan ba da jimawa ba, ku karɓi katin zaɓe. Tun 2018 doka ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, ko da yake ta sanata tana nan a 35. Sanatoci 109 ne a Najeriya, kuma aikinsu shi ne yin dokoki, amincewa da kasafin kuɗi, tantance ministoci da sa ido kan yadda ake kashe kuɗin jama'a.

Saboda haka idan ɗan takara ya zo garinku, sabo ne ko tsohon hannu, kada shekarunsa a kujera ko yawan motocin da ke bin sa su ishe ku hujja. Ku tambaya: wane ƙuduri ya kai majalisa? Me ya ce kan makarantu, asibitoci da manoman shinkafa na fadama? Alkawarin da ya ɗauka a zaɓen baya, ina ya kwana?

Don muhawara a aji: Ya kamata a sa wa sanatoci iyakar wa'adi kamar gwamnoni? Ku kasu gida biyu, kowane ɓangare ya kawo hujjoji uku.